Tauraro Ɗaya Ko Biyu? Alamomin Tsara Rubutu Da Inda Suke Ɓata Saƙo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ni nake rubuta sanarwa in tura WhatsApp da Telegram. Wani lokaci in na sa tauraro sai kalma ta yi kauri, wani lokaci kuma taurarin su tsaya a fili ba abin da ya canza. Abin da na kwafo daga ChatGPT yana zuwa cike da taurari biyu-biyu da ###. Wani ya ce in sauko da manhajar da ke canza fasalin haruffa in huta. Mene ne daidai?

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Wayarka lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne waɗannan alamomi ba su da doka guda ɗaya da kowa ya yarda da ita. Kowace manhaja da karin harshenta, kamar yadda kalma ɗaya kan ɗauki ma'ana dabam tsakanin Kano da Sakkwato. Tauraro ɗaya a WhatsApp kaurara kalma yake yi, a ChatGPT karkatar da ita yake yi, a Telegram kuwa ba ya yin komai.

Asalin yawancinsu wani tsari ne da ake kira Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004 tare da taimakon Aaron Swartz. Ya ɗauko shi ne daga al'adar masu rubuta imel na da, waɗanda ba su da hanyar kaurara kalma sai su kewaye ta da tauraro. Manufarsa ita ce rubutu ya karantu ko da na'ura ba ta sarrafa alamomin ba. Bai rubuta dokokin dalla-dalla ba, don haka duk wanda ya ɗauka sai ya cike gurbin da nasa ra'ayi, har sai da wasu suka taru a 2014 suka tsara ƙa'idar CommonMark don rage saɓanin. WhatsApp bai bi wannan ƙa'ida ba. Da ya shigo da nasa tsarin a 2016, ya zaɓi abin da ya fi sauƙin dannawa a waya.

A WhatsApp, tauraro ɗaya gaba ɗaya baya, kamar *taro*, shi ke ba da kauri. Karan ƙasa, _taro_, yana karkatar da kalma. Alamar nan mai lanƙwasa, ~taro~, tana soke ta da layi a tsakiya. Ɗan karan da ya jingina baya guda uku gaba uku baya, ```taro```, yana mayar da rubutu irin na keken rubutu, inda kowane harafi faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa. A watan Fabrairun 2024 aka ƙara guda huɗu: karan ɗori ko tauraro da tazara a farkon layi don jeri mai ɗigo, lamba da aya da tazara don jeri mai lamba, alamar > da tazara don nuna maganar wani aka ɗauko, sai ɗan karan nan guda ɗaya gaba ɗaya baya don ware kalma ko lamba a tsakiyar jimla.

Dalilan da ke sa taurarinka su tsaya a fili ba su da yawa, kuma tazara ce kan gaba. Dole tauraron buɗewa ya manne da harafin farko, na rufewa ya manne da na ƙarshe. In ka rubuta *taro * da tazara kafin rufewa, ba zai yi ba. Wannan yana yawan faruwa ba da sanin mai rubutu ba, domin allon rubutu na waya yana ƙara tazara da kansa duk lokacin da ka taɓa kalmar da ya ba ka shawara. Kana danna tauraro a bayanta, aiki ya riga ya lalace. In kuma tazarar ta biyo bayan tauraron farko a farkon layi, WhatsApp zai ɗauka jeri kake so ya mayar da tauraron ɗigo.

Na biyu, kauri ba ya tsallake layi. In ka buɗe tauraro a layin farko, ka sauka ƙasa, ka rufe a layi na uku, duka biyun za su tsaya tsirara. Kowane layi sai an ba shi nasa. Ɗan karan nan guda uku ne kaɗai ke iya rungumar layuka da yawa. Na uku ya shafi Hausa kai tsaye: WhatsApp ba ya kaurara rabin kalma. Mu kuwa muna liƙa mallaki a jikin suna, sai mutum ya so ya kaurara gida kawai a cikin gidanmu ya rubuta *gida*nmu. Ba zai ɗauka ba, tunda harafi ne ya biyo bayan tauraron rufewa. Ka kaurara kalmar gaba ɗaya. Na huɗu, in ka haɗa biyu, wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara fita: *_taro_* daidai ne, *_taro*_ kuwa ya harɗe.

Telegram nasa ninki biyu ne: taurari biyu gaba biyu baya, **taro**, don kauri, __taro__ don karkata, ~~taro~~ don sokewa, ||taro|| don lulluɓe rubutu sai an taɓa shi ya bayyana. A manhajar hira ta Discord kuwa wannan karan ƙasa guda biyu ja wa kalma layi yake yi a ƙarƙashi. Akwai kuma bambanci mai zurfi da ya shafi aikinka na turawa wuri biyu. WhatsApp yana ajiye alamomin a cikin saƙon kansa, ɓoye su kawai yake yi wa ido, shi ya sa in ka kwafe saƙo ka liƙa a wani wuri taurarin ke sake fitowa. Telegram kuwa yana cire su da zarar ka tura, ya ajiye bayanin kaurin a gefe dabam. In ka kwafo daga Telegram zuwa WhatsApp kaurin zai ɓace, in ka kwafo daga WhatsApp zuwa Telegram taurari za su biyo ka ba tare da sun yi aiki ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta sanarwar fayau babu alama ko ɗaya a manhajar ajiye rubutu, ka liƙa ta a kowane wuri, sannan ka danne kalmar da kake so ka zaɓi kauri daga ɗan jerin da zai fito. Manhajar za ta sa abin da ta sani da kanta.

ChatGPT da ire-irensa da Markdown suke rubutu. A cikin manhajarsu ba ka ganin alamomin saboda ana sarrafa su kafin su iso idonka, amma in ka kwafa suna nan. Alamar tsani, wato #, wadda wasu ke kira gidan dara, kanun magana take nufi a Markdown, ɗaya babba, uku ƙarami. WhatsApp bai san kanun magana ba sam, sai ya bar maka ### a fili, taurari biyun ma su yi saura a jikin kalma. Ko dai ka gaya masa tun farko ya rubuta ba tare da Markdown ba, ko ya yi amfani da tauraro ɗaya irin na WhatsApp, ko kuma ka gyara da hannu: goge duk alamar tsani, mayar da kanun layi mai kauri, rage taurari biyu su koma ɗaya. Jadawalin da yake zanawa da sanduna a tsaye ka rushe shi ka mayar da shi layi-layi, domin a allon waya tarwatsewa yake yi. Ka kuma karanta Hausar da kyau kafin ka tura, wannan wata magana ce dabam.

Akwai ɓarnar da ke zuwa ta ɗaya ɓangaren, wato alama ta yi aiki inda ba a so ta yi. Lambobin da muke dannawa a waya da tauraro ake gina su. Ɗauki na loda kati a Najeriya, *311* sai lambar katin sai alamar tsani. A duk inda ake bin ƙa'idar CommonMark, za a ga 311 tsakanin taurari biyu, a karkatar da shi, a haɗiye taurarin. Mai karatu zai ga 311 manne da lambar kati, ya danna, ya ce bayaninka ƙarya ne. Lambar tura kuɗi ta banki mai taurari huɗu ta fi wannan muni, domin adadin kuɗi da lambar asusu za su haɗe su zama doguwar lamba ɗaya. Maganinsa ka sa irin wannan lamba tsakanin ɗan karan nan mai jingina baya, domin duk abin da ke cikinsa ba a taɓa shi. A Markdown za ka iya kuma sa karan da ya karkata baya kafin kowane tauraro, haka \*311\*, amma WhatsApp bai san wannan dabara ba. Haka za ka yi wa adireshin imel ko sunan fayil mai karan ƙasa. A Telegram akwai ƙarin riba: rubutun da aka ware haka, taɓawa ɗaya ake yi ya kwafu, don haka ya dace da lambar asusun ƙungiya. A WhatsApp gara ka tura lambar asusun ita kaɗai a saƙo na dabam, don kada mai kwafa ya ɗauke sanarwar baki ɗaya.

Wasu tarkunan Markdown guda biyu, a taƙaice. Sauka layi sau ɗaya ba ya raba layuka, sai an bar layi guda fayau, shi ya sa baitin waƙa kan dunƙule ya zama sakin layi ɗaya. Layin da ya fara da shekara da aya, kamar 1960. kuma, ana ɗaukarsa jeri ne mai lamba a tura shi ciki.

Yanzu shawarar da aka ba ka ta manhajar canza fasalin haruffa. Kada ka bi ta. Abin da waɗannan manhajoji ke yi ba kaurara harafinka ba ne, musanya shi suke yi da wata alama dabam mai kama da shi. A cikin Unicode, wato kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, akwai wani rukuni mai alamomi kusan dubu da aka ƙara a 2001 don masana lissafi, saboda a wurinsu A mai kauri da A karkatacce abubuwa biyu ne dabam. Daga nan ake kwaso su. Ido yana ganin 𝐊𝐚𝐧𝐨, amma a wurin na'ura babu K babu a, alamomin lissafi huɗu ne a jere.

Illar farko a kan Hausa take faɗawa. A wancan rukuni babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. In ka rubuta ƙungiya, abin da zai fito shi ne ƙ𝐮𝐧𝐠𝐢𝐲𝐚, harafin farko siriri sauran masu kauri. Da mutane suka ga munin haka sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. An sayar da ma'ana an sayi ado. Kaurin WhatsApp na gaskiya ba shi da wannan matsala, *ƙungiya* za ta fito da kaurinta cif har da ƙugiyarta.

Illa ta biyu, bincike. Bayan wata uku wani zai nemi sanarwar ta hanyar rubuta kalmar taro a wurin nema, kuma a manhajoji da yawa ba za ta fito ba, tunda haruffan da ya rubuta ba su ne ke cikin saƙon ba. Wanda ya rubuta sunansa da irin waɗannan haruffa ma haka yake wahalar samu. Ta uku, makafi da masu raunin gani da ke sauraron saƙo ta TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone: manhajar ko dai ta riƙa kiran kowace alama da dogon sunanta na lissafi ɗaya bayan ɗaya, ko ta tsallake kalmar kamar babu ita. In ranar taro ce ka yi wa wannan ado, ita ce ba za su ji ba. Ta huɗu, tsofaffin wayoyi da ba su da zanen waɗannan alamomi akwatuna kawai suke nunawa.

Har kuɗi yana ci. Saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar alama ɗaya da ba ta cikin ƙaramin jerin haruffan saƙon tes da ake kira GSM ta shiga, sai iyakar ta faɗo 70. Kowace alamar lissafi kuma gurbi biyu take ci, wato 35 kenan a saƙo. A nan sai an yi adalci: haruffanmu masu lanƙwasa ma ba sa cikin wancan jeri, ƙ ɗaya ta isa ta mayar da saƙo 70. In kana tura tes ga mambobi ɗari biyu, ka san da wannan lissafi kafin ka danna. A WhatsApp da Telegram kuwa babu wannan iyaka, babu uzurin barin su.

Tunda ana maganar haruffanmu, masu rubutu a Wikipedia ta Hausa suna da nasu tarkon. A can waƙafin sama biyu ke karkatar da kalma, uku su kaurara ta. To, kalma kamar 'ya'ya ko 'yan da waƙafin sama take farawa a rubutun Najeriya. In ka sa biyu a gabanta don karkatarwa sun zama uku. Manhajar tana ƙoƙarin gane nufinka in sau ɗaya ne a layi, amma in ya faru sau biyu sai ta ɗauka kauri ka buɗe ka rufe, rabin jimla ya yi baƙi. Ana kauce masa da kewaye waƙafin kalmar da <nowiki>'</nowiki>. Masu bin ƙa'idar rubutun Nijar, da ke rubuta ƴaƴa, ba su san wannan ciwon kai ba.

Sanarwarmu ba ta rasa aya ko addu'a da Larabci, shi kuma daga dama yake tafiya zuwa hagu. In ka cakuɗa shi da boko a layi ɗaya ka sa tauraro, za ka ga tauraron ya yi tsalle ya koma gefen da ba ka zata ba. Na'ura jerin yadda ka danna take bi, ba inda ido ya ga alamar ba, sai mutum ya yi ta gogewa yana gyara abin da yake daidai. Ka ba Larabcin layinsa shi kaɗai. Kada kuma ka karkatar da shi, ko Ajami, domin wayar tura haruffan gefe kawai take yi, wasulla su rikice. In kana son ware aya, alamar > ta fi dacewa.

Duk wannan sanin yadda ake yi ne. Sanin inda za a yi shi ya fi wuya, kuma nan ne yawancin sakatarori ke zamewa. Kauri yana aiki ne saboda abin da ke kewaye da shi ba shi da kauri. Sanarwar da aka kaurara daga bisimilla har sa hannu daidai take da wadda ba a taɓa ba, sai dai ta fi gajiyar da ido. Ka tambayi kanka: in mutum yana kan babur ɗin haya ya leƙa wayarsa na daƙiƙa uku, me nake so ya gani? A sanarwar taro amsar ba ta wuce rana, lokaci da wuri. A ta karo-karo, adadin kuɗi da ranar rufewa. Abu biyu ko uku, iyaka. Misali:

*Taron wata-wata*
Ana sanar da mambobi cewa za a yi taro ranar *Asabar, ƙarfe 4:00 na yamma*, a *ɗakin taro na makaranta*.
Abubuwan tattaunawa:
1. Rahoton ma'aji
2. Gyaran rufin aji biyu
3. Zaɓen kwamitin walima

In ka cire duk taurarin nan, sanarwar tana nan da ma'anarta. Wannan shi ne gwajin da za ka riƙa yi, domin saƙonka zai yi tafiya: wani zai kwafe shi zuwa tes, wani zuwa Facebook, wani yana da tsohuwar manhaja da ba ta san tsarin 2024 ba.

Da wannan gwaji za ka gane haɗarin sokewa da layi. In aka ɗage taro ka rubuta ~Asabar~ Lahadi, a allonka ya yi kyau. Amma inda layin bai fito ba, ko a kunnen mai sauraro da manhajar karatu, abin da ya rage shi ne Asabar Lahadi. Faɗi da baki: an ɗage daga Asabar zuwa Lahadi. Farashi ma haka.

Jeri mai lamba na abin da ke da tsari ne, ko wanda za a koma a ce batu na biyu. Bayani mai dalili, inda wannan ya jawo wancan, in ka daddatsa shi ɗigo-ɗigo ka zubar da kalmomin saboda da amma da ke riƙe da shi. Ta'aziyya ko ban haƙuri kuwa ba a yi musu jeri ko kanu. Manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe a intanet ihu ake ɗaukarsu, kuma babu kyau ka yi wa dattawan ƙungiya ihu. Alamar > amana ce: abin da ka sa a bayanta mutane za su ɗauka kalmomin mai maganar ne harafi da harafi. In taƙaitawa ka yi, rubuta shi cikin jimlarka ka ce shugaba ya nuna cewa.

Abu ɗaya da ya shafi tsaro. Markdown da Telegram suna ba da damar ɓoye adireshin intanet a bayan kalma, a Markdown da siffar [danna nan](adireshi). Yana rage cunkoso, amma 'yan damfara ma da shi suke aiki: rubutun da ke sama ya nuna sunan banki ko na hukumar ɗaukar aiki, na ƙasa ya kai ka wani wuri. Telegram yana nuna ainihin adireshin ya tambaye ka kafin ya buɗe, ka gaya wa mambobinka su riƙa karanta shi. A sanarwar da ta shafi kuɗi ko rajista, kai ka rubuta adireshin a fili. WhatsApp ba ya ɓoye adireshi a bayan kalma, in ka liƙa waccan siffa a can baka-bakan za su fito yadda suke.

Kafin ka tura wa jama'a, tura wa kanka. WhatsApp yana barin mutum ya aika wa lambarsa saƙo, Telegram ma yana da wurin ajiyar saƙonni na kanka. Duba ko akwai tauraron da ya rage a fili, duba lambobi ɗaya bayan ɗaya, sannan ka isar da shi daga can. In kuskure ya kuɓuce, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara saƙo bayan turawa, amma gyaran ba ya bin kwafin da wasu suka riga suka isar gaba.